Abin Wuyan Dunƙule

Akwai wani baduku da ake kira Baba Basilla, saboda ko gidan gaisuwa za shi da basillarsa a aljihu. Shekara arba'in yana ɗinkin fata a 'yar rumfarsa ta bakin titi. Gaskiya ɗinkinsa ba ya warwarewa, amma fa kansa ya fi rumfar girma. In ka ce masa ga gyara, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ran da na fara riƙe basilla, ko rarrafe ba ka fara ba."

Matarsa, Allah ya jiƙanta, girki take yi a gidan wasu mutane. Da za su bar gari suka bar mata ɗan kwikwiyo, irin ƙananan nan masu gajeren hanci da ba sa girma. A kwandon cefane ta kawo shi gida.

"Wannan kare ne ko ɓera?" in ji Baba Basilla. "Ɓarawo ya gan shi ai dariya ce za ta kashe shi."

"To ka ga ya yi gadi ke nan," ta ce.

Aka sa masa suna Dunƙule. Mai cewa ba ya so ɗin nan, shi ne ya zauna kwana uku yana yi masa abin wuya na jar fata, ɗinki biyu-biyu, har da 'yar ƙararrawa. Ya ce wai don kada karen ya ɓata. Kowa a gidan ya san don ya faranta mata ne.

Ai kuwa an yi zamani mai daɗi. Kullum da hantsi takan kai masa abinci rumfa, kwano a ka, igiyar Dunƙule a hannu. Wuri uku take tsayawa a hanya: gindin wata bishiya, ƙofar shagon mai guga, da kan wani dakali kusa da kwana. Shi kuwa tun daga nesa yake jin ƙararrawa, ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake yin ƙara.

"Tafiyar minti goma kin mai da ita awa guda," yakan ce. "Ku mata da surutu! Abinci duk ya huce."

Ita sai ta yi murmushi ta buɗe kwano. "Maigida, sannu ba ta hana zuwa."

Da ta rasu, gidan ya yi masa faɗi. 'Ya'ya duk sun yi aure. Abin da ya rage mai motsi daga cikin kayanta shi ne Dunƙule, wanda ke kwanciya a kan tsohon silifas ɗinta. Baba Basilla bai iya barinsa shi kaɗai ba, sai ya fara tafiya da shi rumfa.

To, shi mutum ne mai sauri. Suna isa gindin bishiya Dunƙule ya zauna. Ya fizgi igiya. Ƙofar mai guga ma haka, ya sake fizga. Karen ya riƙa wani tari kamar kukan agwagwa, yana ɗage ƙafar baya ɗaya yana bin sa da uku.

"Shagwaɓa ce," in ji shi. "Ita ta lalata ka."

Ran nan Auta, ƙaramar 'yarsa, ta zo duba shi, ta ji tarin.

"Baba, wannan ba tarin lafiya ba ne. Anya ba abin wuyan nan ke shaƙe shi ba?"

Wayyo, ina wuta ya jefa ta! "Abin wuyan da na ɗinka da hannuna? Yatsa biyu ke shiga tsakaninsa da wuya. Yau ke ce za ki koya mini fata?"

Auta ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta haɗiye.

Bayan sati biyu, wata rana mai zafi, Dunƙule ya zauna a bakin dakalin nan. Baba Basilla ya ja, bai taso ba. Ya sake ja da ƙarfi. Sai ya ji igiyar ta yi nauyi. Da ya waiga, karen na kwance a gefe, baki buɗe, harshe ya yi shuɗi-shuɗi, numfashi na fita kamar ana busa usur.

Tsohon nan da gwiwa ke damunsa, ranar ya yi gudu. Ya rungumi karen ya tare mota zuwa asibitin dabbobi, yana ta cewa, "Kada ka yi mini haka, Dunƙule. Kai kaɗai ta bar mini."

Likitar dabbobin yarinya ce, da ƙyar in ta kai Auta. Ta cire abin wuyan kafin komai, ta sa masa iskar numfashi, ta yi masa allura. Sai da aka jima ƙirjinsa ya daidaita. Auta ta ji labari ta iso a guje, suka tsaya su biyu likita na nuna musu hoton ƙashi.

Likita ta ce, "Baba, ƙananan karnuka irinsa maƙogwaronsu laushi gare shi. Duk jan da aka yi wa igiyar wuya, matse shi ake yi. Ga kuma kwatangwalonsa, kan ƙashin ya cinye, shi ya sa yake zama. Ciwo ne ke zaunar da shi."

"Amma shekara tara yana sanye da abin nan, bai taɓa faɗuwa ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"To wanda ke riƙe igiyar a da ya san abin da yake yi. Ba ya ja, kuma yana hutar da shi a hanya."

Baba Basilla ya ƙirga da yatsunsa. Can ya ce, "Wuri uku."

Auta ta share hawaye da bakin mayafi. "Mama ta sani, Baba. Tun yana ƙarami ta lura. Na ce ta gaya maka a sake masa wani, ta ce a'a, kwana uku ka yi kana ɗinka shi, in aka ce yana da aibi ranka zai ɓaci. Ta ce gara ita ta riƙa tafiya a hankali."

Shekara tara abincinsa na hucewa a hanya, shi kuma yana ce mata mai surutu. Tsohon ya zauna a kan benci ya yi kuka, kuka sosai, bai damu da masu kallo ba.

Da ya natsa, ya zaro fensir daga aljihu ya miƙa wa likita. "'Yata, zana mini yadda ya kamata a yi. Ki koya mini."

Ta zana masa ɗamara mai zagaya ƙirji da kafaɗu, wadda ba ta taɓa wuya. Washegari ya sa almakashi ya yanka jar fatar nan da hannunsa, ya haɗa da sabuwa mai laushi, ya mayar da ƙararrawar a kai.

Dunƙule bai warke sarai ba. Yana shan magani, matakala ma sai an ɗauke shi. Amma yana nan da ransa. In ka bi titin da hantsi za ka ji ƙararrawa ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake yin ƙara.

Mai guga yakan leƙo ya ce, "A'a, Baba, yau kai ne da tsayawa surutu?"

Sai ya dubi karen da ke hutawa kusa da ƙafarsa ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Darasi: Gwaninta ba ta hana kuskure, girman kai ne ke hana a gaya maka. Wataƙila yanzu haka akwai mai rage saurinsa saboda kai, ya yi shiru don kada ranka ya ɓaci. Ka saurara tun yana raye. In dabbarka ta zauna a hanya ko tana tari, kada ka ja, ka kai ta wurin likita. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba a yi masa gyara.