Kafireta Mai Baki Biyu

An yi wani mutum a wani ƙauye da kwalta ba ta taɓa leƙawa ba, tun zamanin da mota ɗaya kan ishi gari guda. Wani bawan Allah ne, sunansa Tanimu. Ku saurara da kyau, musamman ku masu ababen hawa, don maganar ta fi shafarku.

Tanimu direba ne. Da ƙuruciya shi da wansa Shekarau suka ci titi, daga arewa har bakin teku, in wannan ya gaji wancan ya karɓi sitiyari. Da mahaifiyarsu ta tsufa sai Tanimu ya dawo gida da wata tsohuwar akori-kura, Shekarau kuwa ya zauna can kudu. Tsohuwa ta rasu, amma Tanimu bai koma ba, domin kafin nan ƙauyen ya riga ya rataya a jikin motar. Naƙuda ta gagara, ita za a nema. Maciji ya sari mutum a gona, ita. Hatsin kasuwa, ita. Gawar da za a dawo da ita daga asibiti, ita. Hanyar kuwa rairayi ce da rani, taɓo da damina, ga rafi a tsakani.

Amma zuciyarsa tana wani wuri. In ya ajiye mota da la'asar, kullum sai ya juya hancinta kudu. Mutane suna cewa don sauƙin fita ne. Ba haka ba ne, jama'a. Can ɗan'uwansa yake.

Ana nan sai wani direban goro ya kawo masa ƙunshi a buhu. Ya kwance, ya ga kafireta mai baki biyu tana sheƙi. Ga wanda bai sani ba, kafireta ita ke shayar da inji mai, mai baki biyu kuwa shayarwar ninki take yi, mota ta zabura kamar an tsikare ta.

Direban goro ya ce, "Yayanka ya ce in gaya maka idonsa ya tafi, ba ya ganin komai yanzu. Ya ce ka ɗaura wannan ka zo. Kullum yana ƙofar gida yana sauraron titi. Ya ce tun daga kwanar titi zai gane kukan motar, ya san kai ne."

Ba a jima ba injin motar ya buga, ga damina ta ƙarato. Shanun huɗa ne suka ja ta zuwa bakin kwalta. Suna fita gari Iya Tabawa ungozoma ta tare shi, ta ce, "Tanimu, ka dawo kafin rafi ya kawo. Akwai masu ciki a hannuna, ɗaya kuwa ba na son yadda nata ya kwanta."

Ya ce, "Da yardar Allah, Iya."

A birni ya kai ta garejin wani bakanike, Oga Jatau. Aka sauke inji, aka baje shi kan buhu ƙarfe-ƙarfe. Fistin sabo, ringi sabo, wannan babu gardama. Sai Tanimu ya fito da ƙunshinsa. Oga Jatau ya juya ta, ya yi fito, ya ce, "Direba, a ina ka sato wannan?"

"Yayana ya aiko. Ya makance, yana jirana in je da ita."

"To yayanka ya san inji. Amma bari in gaya maka gaskiya tun ban taɓa komai ba. In ita za a ɗaura, sai na aske kan silinda, na buɗe mata numfashi. A kwalta babu mai ganin ƙurarka. Sai dai ba za ta sha man kwalba na ƙauyenku ba, wannan da ake yi wa haɗi da kananzir. Ka sa ta cikin rairayi da kaya tana rarrafe, tafasa za ta yi, gaskit ya ƙone maka a tsakiyar daji. Kuma abin da na aske ba gashi ba ne, ba ya sake tsirowa."

"In ba haka ba fa?"

"In bar kan yadda yake, in mayar da 'yar ƙaramar kafiretarka, in sa maka lagireto babba don sanyi. Jaki ke nan. Zai ja duk abin da ka ɗora masa, zai sha duk abin da ka ba shi, amma kada ka tambaye shi gudu."

"Ba a haɗa biyun, Oga?"

"Inji ɗaya ne, direba. Zaɓi."

Direbobin da ke zaune a inuwa suka yi caa. Wannan ya ce, "Ɗaura mana, malam!" Wancan ya ce, "Wai ƙauyen nan haihuwarka ya yi ko sayenka ya yi? Makaho na jiranka kana maganar rairayi!"

Ku saurara, a nan jarrabawar take. Abin da yake so ba haram ba ne. Motarsa ce, kyautar wansa ce, zumunci ne ma. Da ya ɗaura, babu alƙalin da zai kira shi. Ya zauna da kafiretar nan a cinyarsa yana shafa ta, yana tuna yadda Shekarau kan taka mota yana dariya, iska na kaɗa musu riga. Ya daɗe a haka. Sai maganar Iya Tabawa ta faɗo masa.

Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Oga, haɗa mini jakin."

Ya naɗe kafiretar da tsumma mai bakin mai, ya tura ta ƙarƙashin kujerarsa. Da wannan jakin ya haye rafi da mai cikin nan da Iya Tabawa ta faɗa, ruwa har ƙofar mota, aka ciro mata ɗa a asibiti, duk suka rayu.

Ya aika wa wansa, "Ina nan tafe." Amsa ta dawo, "Ina saurare." Damina ta wuce, kaka ta zo da nata kaya. Kaka ta wuce, ciwon sanƙarau ya shigo. Wani zai ce me ya hana shi hawa motar haya ya je ya dawo? To wa zai bar wa makulli? Duk ƙauyen babu mai iya sa giya sai shi. Haka shekaru suka yi ta tafiya, hancin mota na kallon kudu.

Sai da gemunsa ya yi fari wani ɗan garin ya sayo mota ta biyu. Washegari Tanimu ya kama hanya. Kowa wuce shi yake, har masu tirela suna leƙowa suna cewa, "Baba, sauka ka tura ta mana!" Bai kula ba.

Ya iske wansa kan benci a ƙofar gida, ya tsufa, ya karkata kunne wajen titi. Motar ta tsaya dab da shi, bai ko motsa ba. Ba wannan kukan yake jira ba.

Tanimu ya durƙusa ya ce, "Yaya, ni ne."

Tsoho ya lalubo fuskarsa da hannu biyu. Can ya ce, "Ja'iri, ina kafiretata?"

"Tana ƙarƙashin kujera, Yaya. Kullum a kanta nake zama."

"Tayar in ji."

Ya tayar. Shekarau ya ɗora tafinsa kan bonet, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan inji bai taɓa gudu ba. Amma ya ɗauki nauyi. Wa ka yi ta ɗauka haka?"

Tanimu ya shiga lissafa masa: matar wane, ɗan wane, gawar wane. Mutanen garinsu ne, duk ya san iyayensu. Hawaye ya zubo daga idon da ba ya gani. Ya ce, "Na shekara da shekaru ina kasa kunne in ji mai gudu, ashe mai nishi ya kamata in saurara. Bar shi haka. Kada ka taɓa shi."

Da hadari ya fara haɗuwa a arewa, Tanimu ya yi sallama ya juyo, don sabuwar motar nan ba ta haye rafi. Ba su sake ganawa ba. Har ya koma ga Allah kafiretar na ƙarƙashin kujerarsa, hancin motarsa na kallon kudu.

To jama'a, abin da nake so ku ɗauka ke nan. Kowannenmu yana da abin da ransa ke kewa, halal ɗinsa, babu mai hana shi. Amma mutumin kirki shi ne wanda, in Allah ya ba shi damar ƙara ƙarfi, zai fara duba su wa suka jingina da shi. Kai da ka cire salansar babur don unguwa ta ji ka, wa ka taɓa kaiwa asibiti a kansa? Kai da ka samu buɗi kana shirin sauya unguwa, ka waiwayi waɗanda ke cin tuwo a zaurenka? Ba na ce muku kewa za ta tafi ba. Ta Tanimu ba ta tafi ba, da ita aka binne shi. Amma a ƙauyen nan akwai magidanta masu jikoki da ba don jakinsa ba da ba su sha iskar duniya ba. Kafin ka ce a aske, tambayi kanka wa za ka bari a bakin rafi. Allah ya sa ƙarfinmu ya amfani bayinsa, ya haɗa mu da waɗanda muke kewa a gidan da babu rabuwa.