Jatau Ya Ƙi Kwanciya a Tsallaka Shi

An yi wani mutum a wani gari, tun kafin a san asibiti, masaƙi mai suna Jatau. Wannan bawan Allah ciwo ya kama shi a gefen cikinsa na dama, nan ƙasan haƙarƙari. Ya sha jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi masa ƙaho, ciwo yana nan. Damina ta wuce, ciwo yana nan.

Sai mutanen gari suka nemi wanda za su ɗora wa. Aka ce ranar da abin ya fara, Tabawa mai daddawa ta bi ta damansa, ta ce masa sannu da aiki. Tsohuwa ce, ba ɗa ba jika. Shi ke nan, wai mayya ce, ta kama masa kurwa.

Ku saurara da kyau. Aka jawo ta har ƙofar gidansa. Al'adarsu ita ce mara lafiya ya kwanta, wadda ake zargi ta tsallaka shi ta saki kurwar. In ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan, babu mai sake cin abin hannunta.

Yayansa Barmo ya ce, "Kwanta mana! Me za ka rasa?"

Jatau ya ce, "Yaya, ban ga ta yi mini komai ba."

"Dubi yadda ka koma! In ita ce fa?"

"In ba ita ba ce fa?"

Tabawa tana kuka ta ce, "Ɗan nan, kwanta in tsallaka, su ƙyale ni."

Ya ce, "Iya, ba zan kwanta ba."

Allahu Akbar! Mutumin da ya daɗe ba ya iya miƙewa ya dafa bango ya tsaya, hannu a ciki, gumi na zuba. Ya tsaya, ya tsaya, har taron ya watse. Sannan ya ce a sa daddawarta a miyar ranar, ya ci a zaure kowa na gani.

Kada ku jira in ce ya warke. Da ciwon nan a jikinsa ya koma ga Allah. Amma Tabawa ta ƙare rayuwarta da mutuncinta.

Jama'a, azaba ba ta halatta wa kowa ƙazafi. Jatau ba shi da likita, amma ya ƙi. Ku kuwa, ga asibiti nan kusa, ciwon gefe ya dame ku, ba ku je an duba ba, kuna cewa maƙwabciya ce. Wa kuka sa ya tsallaka ku bana? Ku je ku nemi yafiyarsa, sannan ku je a duba cikin nan.