Yadda Aka Sa wa Abednego Suna Katantanwa

Akwai wani mai rawa a Orozo, sunansa Abednego. Rawar juyi yake yi a wajen biki. Yakan tsaya a ƙafa ɗaya ya yi ta jujjuyawa har rigarsa ta buɗe kamar lema.

Wata rana aka gayyace shi bikin ƙanwar Alhaji Lukmanu, wani babban ma'aikacin gwamnati a Abuja. Yana cikin juyi sai santsin tayil ya kwashe shi, ya faɗi a gaban manyan baƙi. Lukmanu ya karɓe makirfo ya ce, "Wa ya kawo mana wannan katantanwar? Ku fitar da shi!"

Katantanwa dai ɓawon dodon koɗi ne da yara ke murzawa a ƙasa, ya yi ta juyi har ya kife. Ba komai a cikinsa. Abin da Lukmanu ke nufi ke nan.

Aka ɗauki bidiyon, ya zaga wayoyi, sunan ya bi shi. Masu biki suka daina kiransa. Abednego ya tattara ya koma noman doya a Yangoji.

Ba a jima ba matar Lukmanu ta rasu a haɗarin mota. 'Yarsu ƙarama, Kauthar, tana cikin motar. Ta tsira, amma ta daina magana, ta ƙi cin abinci. Aka kwantar da ita a asibiti, kullum tana ramewa. Lukmanu ya yi lallashi, ya yi kuka, ya yi addu'a. Ko kallonsa ba ta yi.

Rannan wata nas tana nuna mata bidiyoyi a waya, sai ga na bikin nan. Kauthar ta riƙe wayar gam, ta ce a hankali, "Katantanwa."

Da nas ɗin ta gaya wa Lukmanu, ya bazama neman mai rawar kamar zai zauce. Ya je Orozo, ya je Karshi, har Uke ya kai. Bai ma san sunan mutumin ba, sai sunan zagin da ya sa masa. A ƙarshe ya same shi a gona, ya durƙusa cikin kunya da farar shaddarsa.

"Don Allah ka taimake ni. 'Yata za ta mutu."

Abednego ya dube shi ya ce, "Oga, ka san sunana?"

Lukmanu ya sunkuyar da kai.

"Abednego ne. Ka ɓata mini aiki, ka sa yarana suna jin kunya a makaranta." Ya ajiye fartanya. "Amma ba yarinyan ne ya kore ni ba. Mu tafi."

A ɗakin asibitin babu ganga, sai nas da ke tafa masa. Ya yi juyi, ya yi juyi, sannan ya faɗi ƙasa da gangan, ƙafafu a sama. Kauthar ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ƙara!" in ji ta.

"Sai kin sha kunu, Hajiya."

Ta miƙa hannu ta karɓi kofin. Lukmanu ya juya fuskarsa ga bango.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mutum don ya faɗi a gabanka, ba ka san ranar da za ka durƙusa a gabansa ba. In kuma an cuce ka, kada ka rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.