Ranar da Buzuzu Ya Rasa Mai Ɗora Masa

"To, ku matso, a bar tsokanar juna. Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta ƙaraso mu ji ta!"

Gafiya ce ta buɗe sana'ar gini. Ita ke karɓo aiki a gari, leburori su yi. Leburorinta huɗu: Gyare mai waƙa, Iya Tururuwa tsohuwa, Babe na gidan fara mai dogayen ƙafafu, sai Buzuzu, baƙi gajere mai ƙarfin tsiya. Aikinsu ɗauko tubali daga bakin kududdufi zuwa gindin gini.

Tubali kuwa kun san nauyinsa. Ba mai iya ɗaga shi ya aza a kansa shi kaɗai. Sai ka naɗa gammo, ka durƙusa, ka ce, "Ɗan'uwa, ɗora mini." Shi kuma ya ce, "Bismilla, taso." Ya kama, ka kama, kaya ya hau kai. Gyare ya bayar da waƙa, sauran su amsa. Ku ma ku amsa mana.

"Ɗora mini!"

"In ɗora maka!"

"Ɗora mini!"

"In ɗora maka!"

Haka suke, gini yana tashi. Ba da sauri ba, amma yana tashi.

Ran nan sai ga Ƙadangare da jan kansa, ya zube gaban Gafiya.

Ya ce, "Uwar ɗakina, ana cutar ki ba ki sani ba."

Ta ce, "Wa ke cuta ta?"

Ya ce, "Leburorinki. Wannan ya tsaya ɗora wa wancan, wancan ya tsaya jiran wannan. Ga waƙa, ga dariya. Wurin aiki ne ko gidan biki? Ki ba ni su, ki koma inuwa ki huta."

Gafiya dama ba abin da take so kamar inuwa. Nan take ta naɗa shi sarkin aiki, ta shige rami.

Ƙadangare ya hau katanga ya ce, "Daga yau kowa ya tara tulin tubalinsa daban. Ranar kasuwa zan duba. Wanda tulinsa ya fi tsawo, ga jan gammo. Wanda nasa ya fi ƙanƙanta, sallama. Ni da kaina zan raka shi ta bayan katanga, don mutunci."

Buzuzu ya dubi jan gammon nan, yawunsa ya tsinke.

Aka shiga aiki. Gyare, bawan Allah, bai sauya hali ba. Ko ina ya ji "ɗora mini", sai ya ajiye nasa ya ruga. Buzuzu ya lura da haka. Sai ya riƙa kiransa ko da Babe na kusa: "Gyare, ɗora mini! Gyare, sauke mini!" Gyare na ta kai da komo, yana waƙa, tulinsa na zaune kamar ba a fara ba.

Ranar kasuwa Ƙadangare ya duba, ya gyaɗa kai. Buzuzu ya sami jan gammo.

Ƙadangare ya ce, "Malam Gyare, zo in raka ka."

Gyare ya ce, "Ku yafe ni, 'yan'uwa. Ku riƙe waƙar, kada ta mutu."

Suka zaga bayan katanga. Aka ji wani ɗan ƙaras. Ƙadangare ya dawo shi kaɗai yana lasar baki, ya ce, "Ya sauka lafiya, yana gaishe ku."

Washegari ba wanda ya yi waƙa. Buzuzu ya zaga bayan katanga zai kama ruwa, sai ga gammon Gyare a yashe, ga ƙafa guda a gefensa. Yara, da ku ne me za ku yi? Ku ruga ku faɗa wa saura, ko ba haka ba? To, shi sai ya tura ƙasa ya rufe. Ya ce a ransa, tunda abin haka yake, lallai kada ni in zo ƙarshe.

Ya samu Babe ya ce, "Aboki, ni da kai kawai. Ka ɗora mini, in ɗora maka."

Babe ya ce, "Iya fa?"

Buzuzu ya ce, "In ba ita ba, ɗayanmu ne. Zaɓi."

Babe ya amince.

Iya Tururuwa ta durƙusa gaban tubali ta ce, "Ɗana Buzuzu, ɗora mini." Ya sunkuya yana gyaran gammo. Ta ce, "Ɗana Babe, ɗora mini." Babe ya juya baya, hawaye na zuba. Ta wuni durƙushe a rana tana kama tubali yana sulluɓewa. Ita ce fa ta koya musu naɗin gammo tun suna sababbi.

Ranar kasuwa Ƙadangare ya duba, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Iya, zo in raka ki."

Ta dubi Buzuzu ta ce, "Jan gammon ya yi maka kyau, ɗana." Ta bi Ƙadangare bayan katanga.

Ƙaras. Ƙadangare ya dawo yana sakace, ya ce, "Ta sauka lafiya, tana gaishe ku."

Saura biyu. Yanzu dole su ɗora wa juna, amma kowa na kallon tulin ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Ba gaisuwa, ba cin abinci kwano ɗaya. Ana gobe kasuwa, da yamma, tuli biyu suka yi kai ɗaya.

Babe ya ce, "Aboki, mu bar su haka. In ba na ƙarshe, wa zai raka?"

Buzuzu ya ce, "Gaskiyarka. Amma bari mu kai ɗaiɗai, kada a ce mun tashi da wuri. Ɗora mini tukuna."

Babe ya ce, "Bismilla, taso." Ya ɗora masa. Sannan ya durƙusa ya ce, "To, saura ni."

Buzuzu ya miƙe hanya.

"Buzuzu! Aboki! Ɗora mini!"

Bai waiwayo ba. Tir da wannan tafiya.

Ranar kasuwa, ƙaras. Wannan karon Ƙadangare ko saƙon gaisuwar bai kawo ba.

Gari ya waye, Buzuzu shi kaɗai a bakin kududdufi. Ƙadangare ya leƙo daga katanga, ya yi ƙiba har wuya ya ninku.

Buzuzu ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ai ba na ƙarshe, ko?"

Ƙadangare ya ce, "Doka doka ce. Kai ne na fari, ka riƙe gammonka. Kai ne kuma na ƙarshe. Ranar kasuwa sai in raka ka."

Buzuzu ya ƙwala wa Gafiya kira. Daga cikin rami ta ce, "Ba na shiga maganar aiki. Ka gaya wa sarkin aiki."

Ya koma ya durƙusa gaban tubali. Bakinsa da ya saba ya ce, "Ɗora mini."

Ku amsa masa mana. A'a, ku yi shiru, don shi ma shirun ya ji.

Ya ce, "Gyare!" Shiru. Ya ce, "Iya!" Shiru. Ya ce, "Babe!" Sai kwaɗi a kududdufi. Nan ya yi kuka, kukan da ba ya dawo da kowa.

Ya kama tubali ya ɗaga, ya faɗo. Ya sake, ya danne masa wuya. Na uku sai ya kifa kai ƙasa, ya ɗaga ƙafafun baya, ya soma turawa. Jan gammo ya faɗi cikin laka, bai tsaya ɗauka ba. Da yake da baya yake tafiya, bai ga hanya ba. Ya wuce gini, ya wuce gari, ya faɗa daji, tsoro kuma ya hana shi komowa.

Damina ta sauka ta tarar da ginin Gafiya ba rufi, ta narkar da shi. Ƙadangare ya sauya katanga. Har yau in kun gan shi yana gyaɗa kai, tulin wasu yake dubawa.

Shi kuwa Buzuzu, abin bai sake shi ba. Kullum sai ya cura tubalinsa da kashin shanu, ya kifa kai, ya yi ta turawa da sauri kada ya zo ƙarshe, alhali ba mai binsa. Ba ginin da zai kai, sai ya haƙa rami ya binne. In kuwa kuka ga biyu a kan curi ɗaya, ku duba da kyau, kokawa suke yi.

Wurin aikin da aka mayar da ɗan'uwanka abin tsoronka, wanda ya ci ma bai tsira ba. Gobe in za ku rafi, wanda ya ce muku "ɗora mini", ku ɗora masa.

Ƙurunƙus, na sauke ta a kan ɗan ɓera. Ku tashi.