Jar Pikop ɗin Davou da Kayan Zumunta

Akwai wani mutum mai suna Davou, ɗan Jos, da ke zaune a unguwar Flatbush ta Brooklyn, a birnin New York, da matarsa Lea da 'yarsu Aminci mai shekara goma. Shi direban bas ne na cikin birni, ita kuma nas ce. Ranar Asabar, tara ga Yuli 2016, da ƙarfe goma na safe, ya fita sayen pikop, wadda a gida muke ce wa akori-kura.

Dalilinsa mai kyau ne. Kowace shekara cocinsu na yin sansanin iyali na kwana uku a wani daji a Pennsylvania, kuma a tanti ake kwana. A wannan shekarar mahaifiyar Lea, wadda suke kira Mama, ta zo daga Jos, gwiwoyinta ba sa son kwanan ƙasa. Saboda ita Davou ya sayi tsohuwar tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da ke da gado da kicin da banɗaki. Abin da ya rage shi ne motar da za ta ja ta.

Ya tafi da Lea da maƙwabcinsu Alhaji Gariba, mutumin Kumasi, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa janwe, motar jan motocin da suka lalace, a titunan Brooklyn.

A filin sayar da motocin, biyu ne suka yi daidai da ƙarfinsa. Ɗaya ja ce, tana ƙyalli, kujerun fata, ga talabijin a bayan kujera. Ɗayar fara ce, ta fi girma da nauyi, amma kamar motar masu gyaran famfo take, har da tabon fenti a bodinta.

Mai sayarwa ya dafa jar ya ce tana jan nauyin fam dubu tara. Tirelar Davou, da kaya da ruwa, ba ta wuce dubu shida da ɗari biyar ba. Davou ya ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Gariba ya matso kusa da jar. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa, ya sa tabarau, ya nuna wata 'yar sitika ruwan ɗorawa a jikin ƙofar.

"Massa, zo ka karanta nan. Abin da mota ke ja daban, abin da ke zama a bayanta daban. Wannan fam dubu ɗaya da ɗari uku kaɗai take ɗauka."

"Ai ba ɗaukar tirelar za ta yi ba, Alhaji. Ja za ta yi."

"Hancin tirela a ina yake zama? A kan ƙugiyarta. Fam ɗari takwas ke nan sun tafi. Saura ɗari biyar. Kai da wannan ciki naka nawa ne?"

Lea ta yi dariya ta ce, "Ɗari biyu da talatin, in bai ci tuwo ba."

Gariba ya ƙirga da yatsu: Davou, Lea, Mama, Aminci. Tun ba a sa ko jarkar ruwa ba, nauyi ya riga ya wuce. Ya buɗe ƙofar farar, sitikarta ta nuna kusan dubu uku.

Davou ya ɗaure fuska. Bai ji daɗin dariyar a gaban mai sayarwa ba.

"Alhaji, shekarata goma sha biyar ina jan bas mai ƙafa arba'in a garin nan. Babana ya yi shekara talatin yana lodin dankali daga Jos zuwa Legas, ban taɓa ganin ya durƙusa yana karanta ƙofa ba. Ku masu janwe motocin da suka mutu kawai kuka sani."

"Gaskiya ne," in ji Gariba. "Kuma na san abin da ke kashe su."

Lea ta ja mijinta gefe ta ce, "Baban Aminci, mu ɗauki farar mana. Mama ce a ciki fa."

"In shiga sansani da wannan, 'yan coci su ce na zo gyaran banɗaki?"

Jar ya saya.

Ranar tafiya ta kama Juma'a, sha biyu ga Agusta. Tun ƙarfe bakwai suna filin da ake ajiye tirelar. Duk wanda ya zauna a cikinmu ya san idan aka ji kana da babbar mota, to ta zama ta kowa. Matan ƙungiyar zumunta ta coci suka fara isowa da kayan girkin sansani. Shugabarsu, Mama Elisabet, ta kawo buhu huɗu na shinkafa. Wata ta kawo doya da jarkokin manja. Aka kawo manyan tukwane uku, da kulolin nama cike da ƙanƙara, da katan-katan na lemo.

Davou ba ya iya ce wa iyaye mata a'a, kuma ba ya so a ce jar motarsa ta kasa. Ya loda rabi a bodin pikop, rabi a gaban tirela.

Da ya ja baya ya duba, bayan motar ya zauna har ya kusa taɓa taya, gabanta ya ɗaga sama.

Mama Elisabet ta ce, "Ɗana, motar nan ta yi gurfane."

"Yanzu za ta miƙe, Mama."

A nan ya yi abin da ya ga ana yi a tashar lodin dankali: in gefe ya yi nauyi, a mayar da kaya ɗaya gefen. Ya kwashe shinkafa da doya da kuloli da tukwane, ya kai su can ƙarshen tirela, bayan tayoyinta, ya jibge a kan gado da cikin banɗaki. Nauyin ya danna wutsiyar tirela, hancinta ya yi sama, bayan pikop ya taso ya daidaita. Mata suka tafa masa.

Ya ɗauki hoto ya aika wa Gariba, ya rubuta a ƙasa: "Ga wadda ba ta ɗaukar kaya."

Suka kama hanya ƙarfe tara da rabi. Lea a gaba, mahaifiyarta da Aminci a baya. Cikin Brooklyn akwai cunkoso, tafiyar a hankali ce, ba a ji komai ba. Sai da suka fara hawa gadar Verrazano hanya ta buɗe, Davou ya taka totur. Lea ta ji motar tana wani irin rausaya a ƙarƙashinta, kaɗan-kaɗan, kamar kwalekwale a bakin ruwa. Ta kalli mijinta. Ya ce iska ce.

Wayarta ta yi ƙara. Gariba ne. Yana wurin aiki, sai a lokacin ya ga hoton, ya kira Davou sau uku ba a ɗauka ba.

"Maman Aminci, ina kuka sa kayan?"

"A bayan tirela, Alhaji."

"Bayan taya?"

"E."

Sannan ya ce, "Kuna ina?"

"Kan gada."

"Sa ni a sifika. Ki riƙe wayar da kyau."

Gadar nan ba ta da wurin tsayawa. Bango ne a dama, motoci a hagu, ruwa can ƙasa nesa. Sun wuce tsakiyarta, sun fara gangara, allurar gudu tana kan sittin. Wata babbar motar kaya ta zo ta hagu ta wuce su, iskarta ta bugi gefen tirela.

Tirelar ta yi dama. Ta dawo hagu. Ta sake yin dama, wannan karon da nisa, ta fizgi bayan pikop da ita. Davou ya murɗa sitiyari don ya gyara, lilon ya ƙaru. Ya taka birki, sai motar ta karkace har Lea ta ga bangon gadar ta gilashin gaba. A madubi, farin jikin tirelar yana bayyana yana ɓacewa. Tayoyi suna kuka. Kan Mama ya bugi taga. Aminci ta sa ihu tana kiran babanta da Turanci.

"Cire ƙafa daga birki," in ji Gariba. Muryarsa ba ta rawa. "Davou, kana ji na? Kada ka taka birki, kada ka taka totur. Riƙe sitiyari a miƙe. Kada ka bi ta."

"Za ta kifar da mu."

"In ka bi ta za ta kifar da ku. Riƙe. Maman Aminci, duba ƙasan dashbod, kusa da gwiwarsa ta dama. Akwai ƙaramin akwati baƙi mai wuta."

Lea ta sunkuya. Bel ɗin kujera ya shaƙe ta, ta zare kafaɗarta daga ciki. Motar ta wurga ta jikin ƙofa, ta dawo. Sai aka ji ƙara mai ƙarfi daga baya: wutsiyar tirela ta daki bango. Tagarta ta fashe, ƙofar kaya ta ɓalle, wata babbar tukunya ta faɗo tana gangara a titi, motoci suna kauce mata da hon.

Mama ba ta yi ihu ba. Ta rungume kan jikarta a ƙirji, tana ambaton sunan Yesu a hankali, jini yana bin gefen fuskarta.

"Na gan shi," in ji Lea.

"Akwai ɗan maɓalli mai zamewa. Birkin tirela ne ita kaɗai. Matse shi a hankali, ki riƙe. Kada ki saki sai na ce."

Ta kuskure sau ɗaya. Na biyu ta kama, ta matse. Suka ji kamar an ja su daga baya da igiya. Tirelar ta yi hagu, ta yi dama, amma bai kai na ɗazu ba. Ta sake yi, ƙarami. Allura ta sauko hamsin, ta sauko arba'in.

"Tana miƙewa?"

"Tana miƙewa, Alhaji."

"Ki riƙe. Davou, kunna wutar haɗari. Ku sauko zuwa ashirin, ku bi layin dama har ƙarshen gada. Duk wanda ya yi hon, ya yi."

Haka suka sauka, wata taya ta tirelar tana gurzar ƙasa. A ƙarshen gadar, ɓangaren Staten Island, Davou ya sami fili ya tsaya. Ya kashe inji, amma ya kasa sakin sitiyari. Lea ce ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fita ta zagaya wurin mahaifiyarta, ta danne raunin da gyalenta. Aminci ta ƙi fitowa daga mota.

'Yan sanda suka zo, motar asibiti ta zo. Bayan awa ɗaya Gariba ya iso da janwe, da rigar aikinsa. Ya fara gaida Mama, ya leƙa ya ce wa Aminci sannu. Sannan ya je tsakanin pikop da tirela, ya tokare tayoyi da katako, ya kwance makullin ƙugiyar. Ya kama hancin tirelar da hannu biyu, ya ɗaga. Ya taso masa kamar kujera.

"Wannan ya kamata ya fi ƙarfin mutum uku," in ji shi. "Nauyin hanci shi ke sa tirela ta bi mota. In ka cire shi, ita ke tuƙa ka."

Davou yana zaune a kan dakalin titi. Ya ce, "Motar ce ta zauna, na ga in na mayar da kayan baya..."

"Na sani. Motar ta gaya maka ta gaji, ka rufe mata baki."

"Alhaji, ka yafe mini maganar da na gaya maka ran nan."

"Wace? Ta motocin da suka mutu?" Gariba ya sauke hancin tirelar a hankali. "Bar shi. Je ka ɗauki 'yarka, tana kallonka."

Davou ya tashi ya buɗe ƙofar baya. Yarinyar ta daɗe tana dubansa kafin ta miƙa hannu.

An yi wa Mama ɗinki huɗu a goshi. Ba su je sansani ba, wata motar coci ce ta zo ta kwashe kayan zumunta. Gatarin tirelar, ƙarfen da ke riƙe tayoyinta, ya lanƙwashe, ba ta ƙara hawa titi ba. A watan Satumba Davou ya sayar da jar pikop ɗin, ya koma ƙaramar motarsu ta da.

Darasi: Ƙwarewarka a wani aiki ba ta sa ka san kowane aiki, kuma wanda ya tsayar da kai ya nuna maka iyakar abu ba raina ka ya yi ba. Idan za ka sayi motar jan tirela, ka buɗe ƙofa ka karanta nauyin da take ɗauka, ka haɗa da hancin tirela da mutanenka da kayan da za a ba ka saƙo, kada ka zaɓa don idon jama'a. Idan mota ta zauna, a rage kaya ko a canja mota, ba a mayar da nauyi wutsiya ba. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu shirin tafiya da iyali a wannan bazarar.