Inshorar da Ba Ta Tsallaka Ruwa

Zayyad mutum ne mai daɗin baki, irin wanda zai sayar maka da abin da ba ka fito nema ba, ka tafi kana gode masa. Aibinsa ɗaya ne: in gaskiya za ta ɓata ciniki, sai ya haɗiye ta.

Lokacin da yake aiki a wani banki a Kano, gwamnati ta zuba kuɗi don a ranta wa 'yan kasuwa da ruwa kaɗan. Ribar ta yi wa bankin kaɗan, sai aka ce ma'aikata su liƙa wa kowane rance inshora, a ba su kamasho. A nan ya haɗu da Alhaji Tankari, dattijo mai saro tufafi daga ƙasar Sin, wanda ya jinginar da gidansa don karɓar rancen. Zayyad ya ce, "Baba, sa hannu nan. In ka kwanta ciwo, inshora za ta biya bashin, ba mai taɓa gidanka."

Ya san sarai an rubuta cewa ciwon da ya kama mutum a ƙasar waje ba ya ciki. Ya kuma san rabin shekarar Alhaji a birnin Guangzhou na ƙasar Sin take ƙarewa. Amma ya ja bakinsa ya yi gum.

Bayan shekara biyu Zayyad ya bar banki, ya koma Guangzhou ya buɗe ofishin aika kaya a unguwar Tianxiu. Wata rana aka ce Alhaji Tankari ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Shahe, ɓarin jikinsa ya shanye. Da Zayyad ya je dubiya, dattijon ya kama hannunsa da hannun da ke motsi, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. In na tuna takardar inshorar nan sai hankalina ya kwanta. Ko ban tashi ba, Hajiya ba za ta kwana a waje ba."

Zayyad ya amsa da amin. Daga ranar kullum sai ya kai masa farfesu, ya yanke masa farce, ya taya shi alwala. Wallahi son dattijon ya shiga ransa, kuma son ne ya ƙara ɗaure masa harshe. Alhaji na da kaya jibge a sito. Da Zayyad ya yi magana, da an sayar an biya banki. Amma Alhaji ya ce a bar su sai sallah ta matso, tunda inshora na nan.

Wata huɗu Zayyad yana cewa gobe. Ranar da ya durƙusa gaban gadon ya faɗi komai yana kuka, banki ya riga ya sa gidan a kasuwa. Zayyad ya rubuta wa hukuma shaida da hannunsa. Aka ci bankin tara, tarar ta shige asusun gwamnati. Alhaji kuwa aka mayar masa da kuɗin da ya biya na inshora, waɗanda ko ɗaki ɗaya ba za su gina ba.

Ranar da Alhaji zai koma gida, Zayyad ne ya tura shi a keken guragu a filin jirgi. Dattijon ya ce a hankali, "Na yafe maka, ɗana. Amma kada ka gaya wa Hajiya kai ne. Har yau kana cikin addu'arta."

Mai karatu, banki da gwamnati sukan sasanta tsakaninsu, talakan da ya sa hannu shi ke kwana a ciki. In an miƙo maka takarda, ka tambayi abin da ba ta ɗauka ba. In kuwa kai ne mai miƙawa, ka faɗi gaskiya tun tana da amfani, domin wadda ta makara ba ta dawo wa kowa da gidansa.