Ƙofar Iska ta Sama

An hana mu rantsuwa, da na rantse ba za ku yarda da wannan ba.

Akwai wani mutum mai shegen tsokana, wanda yakan bugi ƙirji ya ce ba wanda bai taɓa sa shi gudu ba a ƙauyensu. Wansa, Dogara, ya gina ɗaki ya bar masa ƙofofin iska biyu, ɗaya can ƙasa kusa da daɓe, ɗaya a bangon da ke kallonta, dab da jinka. Iska mai sanyi takan shiga ta ƙasa, zafi da hayaƙi su tashi su fita ta sama.

Wata rana da damina aka wuni ana ruwa, sanyi ya sauko. Mutumin nan ya ga an shiga da kaskon wuta ɗakin, an rufe ƙofa. Ya ce a ransa, "Yau Yaya zai fito yana tari kamar akuya." Ya hau turmi, ya cusa tsumma a ƙofar sama, ya laɓe bayan rumbu yana danne dariya.

Shiru. Ba tari, ba zagi. Ashe gawayi ne a kaskon, shi kuwa gawayi ba ya hayaƙin da zai kori mutum, sai dai ya kwantar da shi barci. Dariyar ta fara bushewa a bakinsa.

Sai aka dafa kafaɗarsa. Ya juya, ga Dogara da fartanya.

"Kai kuma uban me kake yi a nan?"

"Yaya, in kai ne nan, wa ke ciki?"

"Mama mana, tana jin ɗumi."

Ƙanen ya ruga ya bugi ƙofa. "Mama! Mama!" Ba amsa. Suka ɓalle ƙyauren, suka same ta jingine da bango, kai ya langaɓe. Suka fito da ita cikin yayyafi, Dogara na yi mata fifita. Shi kuwa ya koma ya fizge tsumman, yana ta cewa, "Ya Ubangiji, wasa ne, wasa ne."

Da ƙyar ta ja numfashi. Ta buɗe ido, ta dubi hannunsa.

"Auta, mene ne wannan ka riƙe?"

Ya yi maza ya ɓoye tsumman a bayansa. Dogara ya miƙe a hankali, ya karyo reshen dalbejiya.

To, ga ma'anar misalin nan. Ɗakin zuciyarka ne. Maganar Allah takan shiga ta ƙasa, wurin tawali'u, amma dole a bar hanya a sama inda addu'a da tuba za su fitar da abin da ya gurɓace. In ka toshe ta, ba za ka ji zafi ba, daɗin barci ma za ka ji. Zunubin da ba ya hayaƙi shi ne mai kisa. Ku kuma masu cewa wasa ne, ba ku san wanda ke cikin ɗakin ba.